Ƙulli Ɗaya

Bana shekara ta zo da rarar wata a Andong,
watan da ya zame daga lissafi,
wanda kakata Malsun ke cewa ko aljanu hutu suke yi a cikinsa.
Shi ta zaɓa don ɗinka rigarta ta ƙarshe.
Ta aiko mini: taho da idanunki, nawa sun yi hazo.

Na baro Seoul a jirgin ƙasan asuba,
na baro hawa na shida a kasuwar Dongdaemun
inda muke haifar yayi ran Litinin
mu binne shi kafin Asabar.
Tsarabata kwat ce ruwan toka mai aljihu bakwai.
Ta juya ta, ta shinshina wuyan,
ta bi aljihunan da hannu ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman ɗan tsakon da ya ɓace.
"Yesol, me mutanenku ke ɓoyewa haka?"

Ramar nan ita ta shuka a bakin kogin Nakdong,
ta turara, ta ɓare, ta tsaga da farce da haƙori,
ta murza a cinya har cinyar ta yi kanta.
Shekara uku ƙyallen na kwance a akwati
da ganyen taba a tsakani saboda asu.
Launin hatsin da ya nuna gare shi,
da kaushin harshen mage.

Ta ce, "Rigar fari wasu suka sa miki kina tsala ihu.
Wannan ma wasu za su sa mini, ba zan ce uffan ba.
Tsakanin biyun ne mutum ke kai da komo gaban madubi
yana zaton shi ke zaɓe."

Na ce, Kaka, kai da komon nan shi ne abincina.
Na ga yarinya ta shigo shagonmu kafaɗa a zube,
ta gwada jar riga, wuyanta ya miƙe,
ta fita neman aiki kamar an ba ta aron zuciya.
Tufa kan riga baki yin gaisuwa.

Ta yi dariya, haƙora huɗu.
"Ni za ki gaya wa ja?
Ina da sha tara na sayar da kaji biyu na sayi siket na nailan.
Garin nan bai yi barci ba har mako.
Kakanki ya faɗa kwata da kekensa."

Sai ta ba ni allura da dokokinta.
Babu maɓalli, babu aljihu.
Allura gaba take yi, ba ta waiwaye.
Ba a ƙulla wa zare gindi,
kada matafiyi ya sarƙe a hanya.

Na ɗinka hannun dama lafiya lau.
A na hagu, rana ta karkata, hankalina ya tafi,
yatsun da suka shekara tara a bakin keke
suka yi abin da suka saba.

Babban yatsanta ya bi ɗinkin a hankali
ya tsaya cak.
Kare ya yi haushi can bayan katanga.
Na miƙa hannu ga almakashi,
ta riƙe ni, tafinta kamar ɓawon itace.

"Bar shi. Ɗaya ne.
In na isa aka tambaya,
zan ce jikata ce, 'yar birni,
ba ta iya sakin mutum ba."

Muka naɗe rigar, muka mayar da ganyen taba.

Da safe na nemi kwat ɗin na rasa.
Can na hango ta a gona, ta tattare hannuwan har gwiwa,
ƙasan rigar na jan raɓa,
tana tafe tana ƙarar tsaba.
Aljihu bakwai, duk ta cika su
da irin ramar baɗi.