Tsinta

Sau biyu a mako nake barin Maiurno da asuba,
motar Sinnar, sannan ta Wad Madani,
in kwanta kusa da wata na'ura mai gurnani
ta yi mini aikin da ban taɓa gode wa kowa a kansa ba.

Shekara hamsin da shida ina ɗauke da su biyu
can bayan kwiɓi, shiru, kamar wake a kwanso.
Ban san sana'arsu ba sai da suka ajiye ta.
Tahani, wadda ke soka mini allura,
ita ta zana mini a bayan takardar magani.

Ta ce: Baba Gambo, ƙoda ba dogari ba ce
da za ta tsaya bakin ƙofa tana tambayar kowa sunansa.
Jini kan zo da ƙarfi, ya matsu cikin ɗan ƙullin jijiyoyi.
Rariya ce, irinta wajen miliyan a kowace ƙoda.
Manya ba sa wucewa, ƙwayoyin jini da furotin.
Sauran kuwa duk a zube:
ruwa, gishiri, sukari, da dattin da jiki ya gaji da shi,
mai kyau da mugu a ƙwarya ɗaya.

Na ce, ai wannan almubazzaranci ne.
Ta ce, dakata mana.

Bayan rariyar akwai siririn bututu,
ya gangara, ya yi kwana, ya sake hawa.
A nan ake tsinta.
Sukari, dawo, kai duka.
Gishiri, dawo, bar rarar a baya.
Ruwa, dawo, dawo, dawo.
Jarka tara ake tacewa kullum,
abin da ke fita da ƙyar ya cika buta.

Sai na ga Inna Dije a gonar riɗi ta Gadarif,
ta juye buhu kaf a tabarma,
ba ta tsoron zubarwa
don ta yarda da yatsunta.

Na'urar nan ta iya wanki, Allah ya saka wa maƙerinta,
amma ba ta da yatsun Inna.
Ni da na koyi iyo a Nilu kafin in koyi karatu,
yau da finjali ake auna mini ruwa.
Kogi na wucewa ta bayan gidana
ina kallonsa kamar matar wani.

Awa huɗu a kwance doguwar hira ce da kai.
Ina lissafa abin da na zubar ban koma na tsinta ba.
Akwai Maikano, ƙanena, ciki ɗaya.
Kan injin ban-ruwa muka ɓata,
shekara sha ɗaya ko gaisuwar Sallah.
Injin ma ya daɗe da mutuwa, awaki ke kwana a inuwarsa.

Ran Talata na buɗe ido, na ga takalmi a bakin gado,
ƙurar Maiurno a kansa.
Ya yi furfura. Ba wanda ya gaya mini.
Bai dube ni ba, Tahani ya duba,
ya naɗe hannun jallabiya har kafaɗa.

Ya ce: an ce biyu gare ni.
A ɗebi jinin a gani
ko zai wuce rariyarsa.