Kwana Tara a Boloniya

An ɗauke wuta a unguwarmu, nan Tawa.
Na kunna fitilar salula,
na juya takardar kuɗin ruwa, ina lissafi a bayanta.

Barira ta ce motar gari yuro biyu ce,
wato jikka da dala sittin da ɗoriya.
Da wannan, Illa mai kabu-kabu
zai kai ni tasha ya dawo da ni,
har ya tambayi lafiyar gwiwata.

Zuwa da komowa, huɗu.
Burodi da ɗan abu a ciki, biyar.
Ruwa? Wai akwai famfo a titi, kyauta.
Na ja layi biyu ƙarƙashin wannan kalma.

Na tara, na ninka sau tara,
sai ga buhun albasa uku tsaye a tsakar gida
suna kallona.

Na soke kofi.
Na soke hawan hasumiya,
gwiwar nan ta gama da duwatsun Adar.

Amma ranar da za a kira sunanta
a ce likita,
na rubuta taksi.
Ban tambayi nawa ba.
Babbar rigata ba za ta isa da gumi ba.