Bayan Faifai

Waƙa ɗaya tak na sani tasa,
wadda rediyo ke sakawa kafin labaran dare,
ita ma rabi, sai a katse.
Na ɗauka iyakar Modi Tsawa ke nan,
kamar wanda ya leƙa Rima daga kan gada
ya ce ya san kogi.

Ran wata Laraba, a Tsohuwar Kasuwa,
rumfar Ɗantani mai gyaran rediyo,
ƙarƙashin tarin fankokin da suka daina juyawa,
ga kwali ɗaure da igiyar rama.
"Kwashe duka," in ji shi, "ɓera ma ya gaji da su."
Faifai shida. An ce bakwai ne.

Na fari, samari huɗu da jitar aro,
tun ba a yi auren iyayena ba.
Wayoyi na ƙara kamar ƙyauren langalanga,
mai ganga na gudu, sauran na bin sa da haki.
Sai a ji na uku na yafe musu.

Na biyu shi kowa ya sani.
Na tsallake waƙar rediyo,
na kifa faifan, na ɗora allura a bayansa.
Ashe nan ya ɓoye tsabar.
Abin da ya kai kasuwa dusa ce.

Na uku zafin Sakkwato ya taɓa shi,
ya lanƙwashe kamar fatar da majemi ya manta a rana.
Allura ta hau tudu, ta gangara kwari,
muryar Modi na tangaɗi.
Na danne shi da buhun gero kwana tara,
bai miƙe ba.
Haka na saba da shi yanzu,
in aka kawo mini lafiyayye
zan rantse ba shi ba ne.

Na huɗu ba wanda ya saya.
Waƙa guda, minti goma sha ɗaya,
jita na kuka, baki bai ce uffan ba.
A minti na bakwai aka ɗauke wuta.
Na zauna cikin duhun Mabera, zufa har gadon baya,
ina jiran a maido mini da sauran kukan.

Biyar da shida, murya ta dushe.
Ya bar ihu, ya koma zance:
kuɗin haya, haƙorin da aka cire masa,
motar Illela da ta tashi ba shi.
Su na fi so, ban san dalili ba.

Baba na ɗinki a zaure duk kwanakin nan.
"Rage wagga hayaniya," yake cewa,
idonsa kan wuyan riga.
Amma ran da na maida faifan fari,
sai na ga ƙafarsa a kan fedar keke
ta saki ɗinki ta bi ganga,
kuma inda gangar ke yin tuntuɓe,
ƙafar ta riga ta yi.

Na juya kwalin.
Ƙananan baƙaƙe, ruwa ya ci rabinsu.
Ganga: Jabbi Dange.

Shekara talatin ina cin tuwo da mutumin nan.

Na ce, "Baba, na bakwai fa?"
Ya ciji zare, ya tofar,
ya daɗe yana neman kafar allura.
"Ba a buga shi ba.
Dare guda munka yi shi, bayan gidan silima,
ba na'ura, ba kowa sai masu shayi.
Wanda yaj ji, yaj ji."

Ya taka keke.

Yanzu in ya zauna ɗinki bayan la'asar
nakan ɗage allura daga faifai,
in jingina da bango, in yi shiru.
Bai san ina saurare ba,
ko kuwa ya sani,
don jiya ya kai ƙarshen kalmasa
ƙafar ba ta tsaya ba.