Taki Biyu

Ran da aka ba ni Barliye a barikin Tawa
ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Koren fentinta ya koɗe, ya koma garin kuka,
sandar bitesi ta kai tsawon muciya,
kanta ya yi sulɓi da zufar mazan da ban sani ba.

Ajidan Tankari ya hau gefena, goro a kunci.
Na taka, na ja,
ta yi kuwwa kamar an jefa tsakuwa a injin niƙa.
Bai dube ni ba. Ya tofar ta taga.
"Soja, haƙoran ga da kaj ji na gwamnati na.
Wagga ba a yi mata taki guda.
Taka, hiddo ta, aje ta tsaka,
inda ba ta ɗaya, ba ta biyu.
Ɗaga ƙahwa. Bari ta nisa.
Koma takawa, kana ka roƙe ta."

Wata uku ina roƙo.

In za ka hau sama, jira ake yi,
injin ya sauke murya, ka miƙa masa ta gaba.
In za ka sauko ƙasa, sai da toshi:
ɗan totur a tsakiya, guntun gurnani,
har na ciki da na waje su daidaita gudu,
sai ta shige da yatsa biyu
kamar cokali cikin kindirmo.
Allurar da ke gaya maka haka ta mutu tun kafin a yaye ni.
Kunne kaɗai ya rage.

A hanyar Abalak na san rairayi.
Ya ce in zaɓa tun ina kan tsandauri,
don wanda ya sake shawara a tsakiyar yashi
ya zaɓi shebur.
Ban ji ba. Na ga ta uku ta gaji, na nemi ta biyu,
cikin ƙiftawar nan da ƙafa ke ƙasa
tan goma suka durƙusa.
Mun haƙa har la'asar, mu takwas,
shi yana inuwar taya yana dafa shayi.
Ya ba kowa, ni ma ya ba ni. Wannan ya fi mari.

Gangaren Keita kuwa, da duro arba'in na ruwa a baya,
ƙafata ta tafi birki da kanta.
Ya buge gwiwata da hula.
"Da wadda ka hau, da ita kaka sabka.
Birki baƙo na, yana tahiyatai.
Injin shi ad ɗan gida."
Muka sauka a ta biyu, tana kuka, jakuna na wuce mu.

Yau Barliye ta yi ritaya, ni ma haka.
Na saye ta a gwanjo, albasa muke ɗauka.
Ɗana Abarshi ke tuƙi,
shi da ya saba da motocin da ba sa tambayar kowa komai.
Ran Lahadi muka biya ta Bilbis muka ɗauki tsoho.
Kunnen Tankari ya rufe shekara shida,
ko kiran salla sai ya ga mutane sun tashi.
Na zaunar da shi tsakiya.

Ya tuɓe takalmi.
Ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan ƙarfen ƙasa,
ya lumshe ido.
Muka fita gari, hawa ya taso, injin ya fara nishi,
yaro ya kai hannu.
Tsoho ya riƙe masa wuyan hannu. Tukuna.
Tukuna.
Sai ya saki.

Taki, tsaka, gurnani, taki.

Ba mu ji shigarta ba, ni da yaron.
Tankari ya buɗe ido, ya ce,
"To, na jiya."
Ya laluba aljihu, ya ɓare goro,
ya miƙa wa Abarshi babban ɓarin.
Ni shekara tara na yi masa tuƙi.