Kukan Mai Haƙa Kabari a Tsaunin Sardiniya

Shebur ɗina ya yi tsatsa.
Ni ke haƙa kaburbura a ƙauyen nan na kan dutse,
inda hanya ba ta san miƙewa ba,
ko dai hawa, ko gangara,
kuma tun zubar ganyen inabi ban tona wa kowa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da likita ya fito daga ɗakin Efisio yana girgiza kai,
ya ce ba zai ga Lahadi ba.
Na kwana ina saran ƙasa har hannuna ya yi kanta.
Lahadin ta zo, sai ga Efisio a bakin ramin,
ya leƙa, ya ce, "Ka cika zurfi, Bastianu,
gwiwata ba ta son tsalle."
Yanzu wake ne a wurin. Shi ya shuka,
shi ke ban ruwa,
ni ma yakan ɗibar mini.

Ya ba ɗari baya da shekara biyu.
Kafin ƙararrawar coci ta buga shida
ya kora tumakinsa bakwai sun haye tudu,
a jakarsa gurasa mai kaurin takarda, cuku, albasa guda.
Haƙora huɗu suka rage masa, duk na dariya ne.

Bonaria kuwa, da ta binne miji da ƙanne uku,
ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba.
Tukunyarta ta wake da ganyen daji da man zaitun
tana jiran duk wanda ya turo ƙofa.
Jiya ta aiko tattaɓa-kunnenta ya ce mini
in daina kallonta kamar mai auna tsawonta.

Baƙi sun zo da farar mota,
suka ɗebi jini, suka ɗebi ruwan rijiya a kwalba,
suka tambayi Efisio sirrin.
Ya ce, "Ina bin Bonaria bashin karta tun bara,
in tafi in bar mata?"

Wanda na binne na ƙarshe ɗansa ne, Totoni.
Hamsin da takwas.
Ya bar dutsen nan yana saurayi, ya tafi Torino,
hawa na tara, amma bai san matakala ba,
kujera a ofis, kujera a mota, kujera gaban talabijin,
abinci a roba, ba mai ce masa sannu in ya yi tari.
Kwana uku ya yi a ƙasa
kafin maƙwabta su ji shirun ya yi yawa.
A jirgin ruwa aka kawo shi.
Uban ya karɓi shebur daga hannuna,
ya zuba ƙasa sau uku, ya mayar mini,
da yamma ya tafi tatsa,
don hantsar tunkiya ba ta jiran makoki.
Daren nan kujeru goma sha huɗu aka jera a ƙofarsa,
haka har wata ya mutu,
ba a bar shi da bango ba.

Ni saba'in da ɗaya. Har yau "yaro" suke ce mini,
ni suke aika sayen ashana.
In na zauna kan katangar makabarta
ina jin sandunansu na ƙwanƙwasa duwatsun hanya,
sai in ce, ni kuma wa zai tona nawa?
Efisio ya ce in kwantar da hankali,
in wake ya nuna
zai duba mini wuri mai inuwa.