Cokali Ɗaya a Kongo

Zafin la'asar ya dafa kwalta a Kongo,
masu keke sun lafe a gindin darbejiya,
Juwairiyya ta ja hannuna kamar ni ce jikar,
wai, "Hajiya, yau sai kin ɗanɗana askirim ɗin Nafi'u."

Shagon bai fi ɗakin girkina ba.
Firiza biyu, benci ɗaya, fanka mai ƙorafi,
da saurayi da farar hular leda
yana rantsuwa madarar ta safiyar nan ce,
daga wata ruga a bayan Shika, a kan babur,
ko ɗigon ruwa ba a sirka mata ba.

Na ce, "Ɗan nan, likita ya raba ni da zaƙi,
shekara shida ke nan shayi ma lami nake sha."
Ya ce, "Cokali ɗaya, Mama. Mai ɗanɗanon kek ne."
Na yi dariya. Kek a cikin ƙanƙara?
Abin da wuta ta haifa, yaya sanyi zai goya shi?

Na karɓa don kar in ba yarinya kunya.

Da fari sanyi ne kawai,
ya bi haƙorin nan na hagu mai tsegumi
ya haye har tsakar ka.
Sai ya saki.
Sai bota ta yi sallama, ƙwai ya biyo ta,
gyaɗar ƙamshi can baya tana jan ƙafa,
har da ɗan ƙauri irin na gefen gwangwani,
wannan kam ban san inda yaron ya samo shi ba.

Ga ni a Wusasa, ban kai goma ba.
Gwaggo Ladidi ta zuba yashin rafi a tsohuwar tukunya,
ta jera gwangwanayen madara da muka tsinto muka wanke,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi,
ta ce wanda ya buɗe kafin ta idar da salla
kunnensa zai ba shi labari.
Maman Tabita ce ta koya mata ta kan katanga,
fulawa kofi nawa, ƙwai guda nawa,
ita kuma ta biya da sirrin alkaki.
Ni aikina bugu: muciya, kwano, har hannu ya sage,
ladana kuwa suɗi.
Wallahi suɗin ya fi kek ɗin daɗi.
Shi ne wannan. Shi ne a cokalin roba,
shekara hamsin yana jira na cikin sanyi.

Ɗif, aka ɗauke wuta.
Fanka ta haɗiye maganarta, Nafi'u ya yi salati,
ya fita yana jan igiyar inji
kamar mai lallashin jakin da ya ƙi hanya.
Juwairiyya na lasar nata da sauri,
yana gangara mata har gwiwar hannu, tana kallo na:
"Hajiya, kuka kike?"
Na ce sanyi ne ya taɓa haƙori.

Gwaggo ta koma ba ta taɓa buɗe firiza ba.
Da ta ga wannan na san yadda za a yi:
ta juya shi a harshe, ta ɗaga gira,
ta ce, "Ƙwan bai ji bugu ba."

Na tambayi kuɗin ƙaramin kofi.
Da ya faɗa na ce, a zamaninmu wannan akuya ce da ɗanta.
Na saya duk da haka, ba don in sha ba.
Na riƙe shi a keke har Tudun Jukun
yana narkewa, yana ɗiga a zanena,
ina kai shi hanci duk inda muka faɗa rami.

Gobe da asuba in na soki yatsa
na'urar nan ta kai ƙarata,
zan ce mata cokali ɗaya ne tak,
kuma ba Nafi'u ne ya ba ni ba.