Kumfar Kakuri

Ranar da Ladidi ta ajiye ledar omo a gabana,
'yar mitsitsiya, ba ta kai tafin hannun jikana ba,
ta ce, "Malam, ji kuɗinta, sannan ka dubi kusurwa."
Na duba. Wanki ya yi tsiri kamar duwatsun Kajuru:
yunifom uku, zanen gado, tsummokaran jariri,
da farar rigata ta Juma'a, wuyanta ya yi baƙi.

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙa,
sashen wanke yadi kafin a kai shi rini.
Jiniya ta yi shiru, an garƙame ƙofa da kwaɗo,
ciyawa ta cinye inda muke jingine kekuna.
Garatuti kuwa, har yau ana dubawa.
Amma ba su kulle hancina a ciki ba,
ya san warin soda tun daga bakin titi.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.
Na hau bas har babbar kasuwa,
rumfar Obinna, can bayan masu robobi.
Ya auno mini soda mai ƙuna, ya ƙara ta wanki,
salfonik mai kauri kamar baƙar zuma,
da turaren lemun tsami a 'yar kwalba.
Ya ce, "Baba, ka rubuta awo."
Na ce, "Yaro, ina wannan aiki kana goyo."

Girman kai ya ci kwaɓin farko.
Na zuba da ka, ban auna komai ba,
ya daskare a bokiti kamar tuwon jiya,
ya ci fatar yatsun Ladidi,
ya huda aljihun wandon Sambo.
Kwana biyu ba ta ce mini uffan ba,
sai dai ta ajiye mini abinci da hannun hagu a naɗe.

Na koma wurin Obinna da biro da takarda.
Bai yi dariya ba. Allah ya saka masa.

Yanzu da asuba nake farawa, yara na barci.
Safar hannu, takunkumi, taga a buɗe.
Soda ake zuba wa ruwa, ba ruwa ake zuba wa soda ba,
haka wani Ba'indiye ya koya mana da tsawa.
A bar ta ta kwana, ta huce fushinta.
Washegari in ɗauko tsohuwar muciya,
wadda Ladidi ta sallama, ta ce kar ta sake ganinta a madafa,
in juya gefe ɗaya, sannu, sannu,
har kafaɗata ta tuna da injin da ta yi wa hidima.
In baza a buhu a inuwa, ya sha iska,
in murje, in tankaɗe.
Fari fat.

Na buga lissafi a bayan kalanda:
kuɗin leda goma ya cika mana bokitin fenti.
Abin da ya ragu ya zama wake mudu biyu
da littafin rubutu na Asabe.

Maman Bitrus ta leƙo ta katanga da gwangwani,
sai matar mai faci, sai masu wankin bakin gada.
Ban sa masa suna ba, ban buga masa hoto ba.
"Na Baba Ɗanlami" kawai suke cewa.

Jiya na zauna ina kallon igiyar shanya,
farar rigata tana kaɗa hannu kamar tana gaisuwa.
Kumfa ta bi kwata, ta fice ta ƙarƙashin ƙofa,
ta gangara ta gefen katangar masaƙa,
ta nufi kogi.
Ladidi ta shinshina wuyan rigar,
ta ce, "Turaren ya yi yawa."
Sai ta miƙo mini shayi, da sukari cokali biyu.